Kibiyar da Ke Tafiya da Kanta

A daminar 2005 na yi wata tafiya zuwa Nguru wadda har yau ban daina tunawa da ita ba. Na fita gida bayan sallar asuba, na shiga mota a tashar 'Yankaba, muka zauna jiran fasinja biyu har hantsi ya dubi ludayi. Ruwa ya tare mu kafin Haɗeja, taya ta yi faci bayan mun wuce, ban sauka ba sai da ake kiran la'asar. Abin da ya ɗauko ni tun daga Kano shi ne kwamfutar akantan reshenmu, wadda ta ƙi buga lissafin ƙarshen wata. Da na zauna a gabanta sai na tarar wani ne ya taɓa wurin da ke dakatar da firinta, takardu suka yi layi suna jira. Na ɗage alamar. Firinta ta yi gyaran murya, ta shiga amayar da aikin kwana huɗu. Gyaran duka bai kai minti biyu ba. Na kwana a garin, washegari na kamo hanyar gida.

Ba wai ba mu gwada waya ba. Kwana biyu muka yi muna ƙona kati ni da shi. Dattijo ne da ya yi shekaru yana riƙe da littafin lissafi kafin a ajiye masa na'ura a tebur, kuma a wajen haɗa lamba ban taɓa ganin irinsa ba. Amma yaren da nake yi masa ba nasa ba ne.

"Baba, me kake gani a allon?"

"Ba na ganin komai, Injiniya."

"Ya yi baƙi ne?"

"A'a, akwai abubuwa dai."

"To, karanta min."

Sai ya fara daga kusurwar sama, yana karanta min kowane rubutu ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, har layi ya yanke. Ni ina ganin matsalar a raina amma ba na ganin allonsa, shi yana ganin allon amma bai san wanne ne matsalar ba. Duk wanda ya taɓa kwatanta wa baƙo gida a cikin lungunan birni ta waya ya san irin wannan gajiyar. Gani ya kori ji, a sana'armu kuwa a wancan lokaci kuɗin gani shi ne kuɗin mota da kwana a hanya.

Sai dai akwai abin da ban lissafa ba a lokacin, sai daga baya. Da na isa, sai da na yi sallama aka ce in shigo. Akantan ya tambayi lafiyar mahaifina, aka kawo ruwa, aka aika a sayo fura. Da na zauna gyara, ya tsaya a bayana da biro, yana rubuta duk inda na danna a bangon littafinsa na baya, kuma wannan matsalar ba ta sake sa ya kira ni ba. Ni ma na ga abubuwan da babu wanda zai faɗa min ta waya: kwamfutar tana ajiye a ƙasa tana shaƙar ƙura, batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta ya mutu tuntuni, ɓera ya fara gwaguyar wata waya a bayan kabad. Akwai kuma wani yaro masinja da ya maƙale a bakin ƙofa yana kallon hannuna kamar zai haɗiye shi. Na kira shi ya riƙe min sukundireba. Yau yana da shagon gyaran waya da kwamfuta, yana da yara biyu masu koyon aiki a ƙarƙashinsa.

Da na fara karanta tarihin shiga kwamfuta daga nesa, na yi mamakin daɗewarsa. Tun ranar 9 ga Disamba, 1968, wani injiniya Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart ya tsaya gaban taro a San Francisco ya nuna allo ɗaya da mutum biyu ke aiki a kai, shi a zauren taron, abokin aikinsa a Menlo Park, tazarar kimanin mil 30, kowa da tasa kibiyar tana yawo a kan rubutu guda. Shi ne kuma mutumin da ya ƙirƙiro linzamin kwamfuta da muke riƙewa. A tsakiyar shekarun 1980 manhajoji irin su Carbon Copy da pcAnywhere suka shiga kasuwa, inda kwamfuta ke buga wa 'yar'uwarta waya ta modem, mai gyara ya ga allon da ke wancan gefen. Mu a nan labarinsu kawai muka sha. Layin da muryar mutum ma da ƙyar take wucewa ta cikinsa, ina zai ɗauki hoton allo?

Wadda ta fara shigowa hannuna ita ce VNC. An ƙirƙiro ta a wani ɗakin bincike na kamfanonin Olivetti da Oracle a Kambirij ta Ingila, aka sake ta kyauta a 1998, har da rubutun cikinta don kowa ya duba ya gyara. Dabararta mai sauƙi ce, shi ya sa ta yi ƙarko. Kwamfutar da ake kallo tana yanka allonta gida-gida, duk gidan da ya canza sai ta aika hotonsa. Kwamfutar mai kallo kuma tana mayar da abu biyu kawai: inda linzami ya nufa, da harafin da aka danna. Shi ke nan. A 2006 na ɗora ta a kan kwamfutoci goma sha ɗaya na babban ofishinmu, waɗanda waya ɗaya ta haɗa su, na huta da hawa bene da sauka sau ashirin a wuni.

Ba zan manta ranar farko ba. Mai buga mana wasiƙu ta kira ta ce rubutunta ya karkace. Maimakon in taso, sai na shiga daga inda nake. Daga ɗakina na jiyo salatinta. Da na iso na same ta ta ja kujera baya har jikin bango, tana nuna allon da yatsa, tana cewa kibiyar tana tafiya da kanta. Mutane suka taru, aka yi dariya, aka ce in sake yi su gani, na sake. Ni a ranar alfahari ne ya cika min ciki. Yanzu idan na tuna, ita kaɗai ce a ofishin nan ta fahimci abin da ya faru. Wani ya shigo mata ɗaki, bai yi sallama ba, ba ta ga fuskarsa ba, ya kama abin da ke hannunta ya fara juyawa. Tsoron da ta ji daidai ne.

VNC tana da wurin da za a saita ta riƙa tambayar mai kwamfuta kafin a shiga, amma ba a kunne yake zuwa ba, ni kuma ban kunna ba, don gani nake ɓata lokaci ne. Alamar da kawai ke nuna akwai baƙo ita ce wani ɗan tambari a ƙasan allo da ke sauya launi, wanda babu mai lura da shi. Wata rana da rana tsaka na shiga kwamfutar wani magatakarda don in sabunta masa maganin ƙwayar cuta, ina zaton ya fita cin abinci. Ashe yana zaune. Wasiƙa yake rubuta wa shugabanmu yana neman rancen albashin wata biyu, matarsa tana kwance a asibiti. Na ga ya rubuta jimla, ya goge, ya sake rubutawa da kalmomin da suka fi ƙasƙantar da kai, ya sake gogewa. Bai fi daƙiƙa ashirin na yi ba na fice. Amma na riga na gani. Mutumin nan kullum da fara'arsa yake gaishe ni, bai taɓa nuna wa kowa yana cikin wani hali ba, ya zaɓi ya rufa wa kansa asiri, ni kuma na yaye ba tare da ya sani ba. Har ya bar aiki ban iya gaya masa ba. A daren ranar na zagaya kwamfutocin nan goma sha ɗaya na kunna tambayar izini a kowacce.

Mu da muka tashi a gidajen da ke da zaure ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Baƙo namiji yana tsayawa a waje ya yi sallama, ko ya aika yaro. Ko magini ne aka kira don gyaran katanga, sai an shiga an ce mata su kimtsa, sannan mai gida ya shigo da shi, ya nuna masa inda aikin yake, idonsa kuma ba ya wuce nan. Kwamfutar mutum, balle wayarsa, ta fi tsakar gida sirri. A can ne bashinsa yake, da hoton iyalinsa, da saƙon da ya rubuta cikin fushi bai aika ba. Kamfanin Microsoft ya gane haka lokacin da ya fito da Windows XP a 2001. Hanyar neman taimako da ya saka a ciki tana farawa ne da gayyata daga mai kwamfutar, sannan ta tambaye shi sau biyu: ka yarda wane ya ga allonka? In ya gani, ka yarda ya riƙe linzami? Tsakanin kallo da kamawa akwai ƙofa ta biyu. A lokacin na ɗauki wannan a matsayin jan rai. Zaure ne suka gina, ban gane ba.

Rassan da ke nesa dai sun ci gaba da cin kuɗin mota har wajen 2010. Matsalar ita ce kwamfutar da ke Nguru ko Gusau ba ta da adireshin da za a same ta kai tsaye daga waje, tana ɓoye ne a bayan na'urar kamfanin sadarwa. TeamViewer, wadda aka fara a Jamus a 2005, ta warware wannan da dabarar dillali. Kowace kwamfuta ita ke fita da kanta ta je rumfar kamfanin ta ce ga ni, a ba ta lamba. Mai neman taimako ya karanto lambarsa da kalmar sirri ta wucin gadi, mai gyara ya rubuta, dillali ya haɗa hannuwansu. Ba sai an buɗe wata ƙofa a na'urar ofis ba, ba sai mai kwamfuta ya san komai ba illa karanta lamba tara. Wannan ya zo daidai da lokacin da ƙananan modem masu kama da filas suka cika kasuwa, kuma a 2010 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, Main One da Glo-1, suka fara aiki daga Legas. AnyDesk ta biyo baya a 2014, ita ma daga Jamus, ƙarama ce, ba ta da nauyin saukewa, tana jure raunin sabis. Tafiyar kwana biyu ta koma kiran minti goma.

Ba zan yi wa wannan ni'ima butulci ba. Shekarun da suka biyo baya su ne shekarun da hanyoyinmu suka lalace ta fuskar tsaro, har ta kai mutum ba ya kama hanyar Gusau sai ya yi sallama da iyalinsa irin ta wanda bai tabbatar da dawowa ba. Sau nawa aka kira ni daga can, na gyara daga kan tabarmata, na kwana a gidana? A watan Afrilun 2020, da aka kulle Kano saboda annobar korona, daga ɗakina na shiga kwamfutar ofis muka haɗa albashin ma'aikata, mutane suka sami abin yin cefanen azumi. Na taimaki ɗalibai da ke cike fom a garuruwan da ban taɓa takawa ba. Na gyara wa wata ƙanwata da ke aure a Maraɗi kwamfutar da take rubuta kundin digirinta, ana saura kwana uku ta miƙa. Duk wanda ya ce a koma zamanin jiran mota ta cika, bai taɓa zama a cikinta ba.

Amma wani abu ya zube a hanya, a hankali, yadda ba a jin ƙararsa. Da na shiga, sai mutum ya ɗauke hannunsa. Ni ma da bakina nake cewa, "Kada ka taɓa komai." Wasu su tafi alwala, wasu su ɗauki waya, su dawo su tarar an gama. Babu mai tsayawa da biro. Kibiya tana gudu fiye da yadda ido zai bi, tagogi suna buɗewa suna rufewa, ni kuma ina sauri don akwai mutum uku a layi. Matsala ɗaya sai ta dawo min sau biyar daga mutum ɗaya, ba don ba shi da kai ba, sai don ban taɓa barin hannunsa ya yi ba. Ƙura da ɓera kuwa ba sa fitowa a allo. Wata kwamfuta a Katsina na yi wata uku ina yi mata magani daga nesa saboda yawan mutuwa, ashe fankar cikinta ce ta tsaya, abin da kunne zai ji a minti ɗaya. Masinjan da zai maƙale a bakin ƙofa ma babu abin da zai kalla. An ce zumunta a ƙafa take. Akwai ma'aikatan rassanmu da na san tsarin fayilolinsu kamar tafin hannuna, amma in muka haɗu a kasuwa ba zan gane su ba.

Sai da aka yi min na san yadda abin yake a jiki. Manhajar lissafinmu ta samu matsala, kamfanin da ya sayar mana ya haɗa ni da wani ma'aikacinsu a Indiya. Na karanta masa lamba, na ga kibiyata ta kuɓuce min. Wanzami ba ya son jarfa: hannuna har ƙaiƙayi yake, idona na kan kowace folda da ya wuce ta kusa da ita. Amma mutumin nan ya koya min aiki. Kafin ya taɓa komai ya buɗe farar takarda a allon ya rubuta gaisuwa, ya rubuta abin da zai buɗe da dalilinsa. Da aka zo wurin kalmar sirri ya tsaya ya ce in rubuta da kaina. Da ya gama ya jera abin da ya canza, ya ce ni in rufe haɗin. Ban san fuskarsa ba, amma na san an yi masa tarbiyya.

A can ƙasashen Turawa kuwa tuni ɓarayi suka gano wannan ƙofar. Sai a kira tsoho a gida a ce daga Microsoft ne, kwamfutarsa ta kamu da cuta. A sa shi ya buɗe rajistar da Windows ke ajiye ƙananan kurakuran yau da kullum, wadda ko a lafiyayyar kwamfuta cike take da alamomin ja da rawaya, a ce masa ga shaida. Tsoro ya kama shi, ya sauke manhaja, ya karanta lamba. A watan Oktoban 2012 hukumar kare masu sayayya ta tarayyar Amurka ta gurfanar da wasu kamfanoni masu wannan sana'a, yawancinsu suna kira ne daga Indiya, amma abin bai tsaya ba, salo ya sauya. Aka koma cewa za a mayar maka da kuɗi, a shiga, a baƙanta maka allo, a sauya lambobin da shafin banki ke nunawa, ka ga kamar an turo maka fiye da ƙima bisa kuskure, ka mayar da "rarar" daga aljihunka. A farkon 2019 babban bankin Indiya ya gargaɗi bankuna kan masu sa mutane su ɗora AnyDesk a waya don su kwashe musu asusu. Abin bai tsaya kan ɗaiɗaikun mutane ba. Ranar 23 ga Disamba, 2015, wani ma'aikacin kamfanin rarraba wutar lantarki a yammacin Yukren ya zauna yana kallon kibiyar kwamfutarsa tana tafiya da kanta, tana kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya, ya kama linzami ya ƙi jin maganarsa. Gidaje da ma'aikatu fiye da 200,000 suka shiga duhu a tsakiyar hunturu. Da na karanta labarin, mai buga wasiƙunmu na tuna, da kujerarta a jikin bango.

Duk wannan ina karanta shi ne kamar labarin wata duniya, har farkon 2023, lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya bayan sauya fasalin naira, aka tura kowa, da mai so da marar so, zuwa tura kuɗi ta waya. Manhajojin banki suna ta sarƙewa, kuɗi su fita ba su isa ba, mutane suna neman duk wanda zai ce zai taimaka. Baba Akanta na Nguru ya daɗe da yin ritaya, ya koma noma. Wata safiya ya kira ni, muryarsa a dushe. An kira shi an ce daga banki ne, an ga kuɗinsa sun maƙale, za a gyara masa yanzu ba sai ya je layi ba. Mai kiran yana jin Hausa, yana ce masa Baba. Ya sa shi ya sauke wata manhaja, ya karanto lambar da ta fito, ya danna inda aka rubuta amincewa, ya buɗe asusunsa. Duk abin da ya rubuta suna gani, saƙon lambar tabbatarwa da ya shigo ma a gabansu ya sauka. Kafin azahar kuɗin riɗin da ya sayar a kakar nan sun tafi.

Na fara yi masa faɗan da muke yi wa kowa, cewa banki ba ya kira ya nemi irin wannan. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, ba da zafi ba, "Injiniya, ai yadda kake yi min haka ya yi. Har 'kada ka taɓa komai' sai da ya ce."

Na rasa abin cewa. Gaskiya ya faɗa. Fiye da shekara goma ina horar da mutumin nan da wasu da dama a kan darasi ɗaya: idan murya ta kira ta ce za ta gyara, ka sauke, ka karanto lamba, ka danna amincewa, ka janye hannu. Na koya musu biyayya har ta zama jiki, ban taɓa zama na koya musu ranar da za su ce a'a ba. Ɗan damfarar bai fasa wata katanga ba, bai karya wani makulli ba. Manhajar da ya yi amfani da ita halastacciya ce, irin wadda ke kan tebur ɗina. Hanyar da na share ya bi, da kalmomina a bakinsa. A zamanin tafiya Nguru, Baba ya san fuskata, ya san gidanmu, in na ci amanarsa ya san ƙofar da zai buga. Duk wannan shaidar an tattara ta an mayar da ita lamba tara da murya a waya, murya kuwa kowa yana da ita.

Masu yin manhajojin sun ƙara gargaɗi kafin a amince, wasu manhajojin banki kuma suna rufe fuskarsu da zarar an fara nuna allo. Hakan ya taimaka. Sai dai a shekarar 2023 WhatsApp ya ƙara nuna allo a cikin kiran bidiyo, wato yanzu ba sai an sauke komai ba, ƙofar tana cikin aljihun kowa, har da iyayenmu mata da ke karɓar kuɗin adashi ta waya. Gargaɗin da ke fitowa da Turanci a ƙananan haruffa ba zai tsayar da wanda aka riga aka tsorata ba.

Ni dai na sauya yadda nake aiki, kuma ya rage min sauri ƙwarai. Na daina kiran mutum in ce ya ba ni lamba. In matsala ta taso, shi zai kira ni a layin da ya sani, in kuwa ni na fara kira, sai in ce ya kashe ya kira ni da kansa. Na goge kalmomin sirri na dindindin da na bari a kwamfutocin mutane don in riƙa shiga ko ba sa nan, sai na injinan da babu mai zama gabansu, su ma da sanin shugabanni a rubuce. Kafin in shiga nakan ce a rufe duk abin da ba a so in gani, in jira. In abin na koyo ne, kallo kawai nake yi, linzami yana hannun mai shi, ina cewa hagu, ƙasa kaɗan, nan, yana dannawa. Minti biyu sukan zama ashirin. Jimlar nan ta "kada ka taɓa komai" kuwa na cire ta daga bakina, na maye ta da nuna wa mutum inda zai danna ya kore ni duk lokacin da ransa bai kwanta ba. Nakan sa ya gwada sau ɗaya, ya ga da idonsa cewa haɗin ya yanke.

Wasu suna ƙorafi. Wani manajan reshe ya ce min da can na fi sauƙin sha'ani. Na ba shi labarin riɗin Baba, ya yi shiru, amma na san bai gamsu duka ba, don shi aikinsa ne ke tsaye yayin da nake jira a kira ni.

A watan jiya aka ɗauki sabuwar kashiya a Gusau, yarinya ce da ba ta kai shekarun aikina ba. Rasit ya ƙi fita, manajanta ya ce in kira ta. Na kira na gabatar da kaina, na mance ban ce ta kashe ta kira ni ba, na wuce kai tsaye na ce ta buɗe manhajar.

"Yi haƙuri, Baba," ta ce. "Ban san muryarka ba. Bari in karɓi lambarka a wurin manaja in kira."

Ta kashe. Na zauna riƙe da waya wajen minti shida. Da ta kira, ta ba ni haƙuri, na ce babu abin haƙuri. Ta karanto lambar, na rubuta, tambayar izini ta bayyana a gefenta. Na yi sallama, na ce ta kimtsa allonta, ba na sauri. Ina jin ƙarar dannawarta tana rufe tagogi, ɗaya, biyu, uku, da hayaniyar masu jiran rasit a bayanta.

"To, Baba Injiniya," ta ce. "Bismillah, shigo."